Ɓarayin da Suka Taɓa Katin Gwaggo

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, da fatan gwiwar nan ta sarara miki. Ya aikin wanki? Har yanzu injinan asibitin suna yi miki ruri a kunne daga safe har yamma? Da na kira ki ranar Lahadi, ina ce miki mun tashi lafiya, kina tambayata wa ya yi tafiya. Shi ya sa na koma takarda, tunda Direba, mai motar kayan nan, yana bi ta wajenku da lodi. Mu duk ƙalau. Yarinya ta fara haƙori, komai ta samu sai ta kai baki, har tef ɗin awona. Babanta yana miƙo gaisuwa.

Gwaggo, ina cikin damuwa, kuma ke kaɗai zan faɗa wa ba tare da an ce dama an gaya min in nemi aikin ofis ba.

Kin san sana'ata, ko da yake kullum sai kin ce ba ki gane yadda ake sayar da abin da ba a sa shi a leda ba. Ina ɗaukar kaina a bidiyo ina yanka ina ɗinki, in haɗa da zanen yankan, in ɗora a shafina na intanet mai suna Ɗinki Kuɗinki. Mace ta biya da katin banki wata-wata, aji ya buɗe mata, ta koya tana zaune a ɗakinta. Kuɗin yana bi ta hannun wani kamfani mai karɓar biya, shi yake tara min a asusuna.

To yanzu wasu, bayan sun biya sun kalli darasi, sai su je bankinsu su ce ba su san da wannan cirar ba. Banki ba ya jin ta bakina. Sai ya janye kuɗin ya mayar musu, kamfani kuma ya ɗora min tara a kai. Mai sayar da takalmi yana da sa hannun wanda ya karɓi kaya. Ni me zan nuna? Darasi ya riga ya shige kai, ba a ciro shi.

Jiya kamfanin ya turo min saƙo cikin ladabi mai ban tsoro. Wai ƙorafi ya yi yawa a kaina, in aka ƙara ko ɗaya kafin ƙarshen wata za su rufe min asusu. In suka rufe, babu hanyar da za a biya ni, kuma an ce sunan wanda aka rufe wa asusu yana zagaya sauran kamfanonin. Gabana faɗuwa yake duk lokacin da waya ta yi ƙara.

Kada ki aiko min da kuɗi. Kin san zan mayar miki kamar wancan karon. Addu'a kawai nake so.

Taki,
Tsinke (har yau ban yi ƙiba ba, kada ki tambaya)

*

Tsinke ’yar ƙanena,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso da tambarin baƙin mai a gefe, ki ce wa Direba ya riƙa wanke hannu. Lafiyata ƙalau. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Kunnena kuma ba abin da ya same shi, wayarki ce ba ta da murya. Yarinya ki ba ta cokali mai sanyi ta ciza, ki ɗauke tef daga gabanta kafin ta haɗiye rabinsa.

Na karanta maganar asusu, na sake karantawa, ban ga abin tashin hankali ba. Asusu ai dama a rufe yake, ’yar tsaga ce kawai a samansa. In sun ce za su rufe, ki riga su, ki fasa abinki ki kwashe ki sayi wani. Su kuma masu cin darasi su goge baki, ki turo min sunayensu, ina da abin da zan gaya wa iyayensu.

Bari in ba ki labari ki ware. Na yi sabon tabarau, duniya ta dawo min sabuwa, har na gano mai gadinmu yana da furfura. Da shi na zauna ina duba saƙonnin banki da suka taru a wayata, waɗanda a da nake ganinsu kamar jerin tururuwa. Me zan gani? Wasu ne suke cirar min kuɗi duk wata, shiru-shiru, ko sallama babu! Sunansu ma ba na mutanen kirki ba ne, kamar mutum ya shaƙe yana neman ruwa.

Ban tsaya wata-wata ba. Na kashe injina, na yafa mayafi, sai banki. Na samu wani ma'aikaci mai gashin baki siriri. Ya ce, “Mama, kin tabbata ba ki sayi komai a wajensu ba?” Na ce, “Ɗan nan, tun kafin a haife ka nake wanke zanin gadon asibiti. Ka ga na yi kama da mai ciniki da aljanu?” Duk layin suka kwashe da dariya. Ya rubuta ƙorafi, ya toshe katin, ya ce za a ƙwato min haƙƙina. Na fito ina tafiya kamar ba ni da gwiwa.

Ƙawata Mai Magani, ta ɗakin ba da magani, ta tafi hutu, da ita za ta raka ni don ita ce mai gane harkar waya. Amma kin ga ban buƙace ta ba.

Ki riƙa cin abinci. Addu'a kuwa ko ba ki roƙa ba tana tafe.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da sabon tabarau. Mu lafiya lau. Haƙori ɗaya ya fito, kuma a yatsan babanta aka fara gwada shi.

Kin sa ni dariya har na soke kaina da allura. Ba asusun ƙasa ba ne, Gwaggo, ba shi da tsaga, ba a fasa shi. Suna ne kawai a cikin kwamfutar kamfani, in sun danna abu ɗaya ya mutu. Ɓarayinki kuwa, Allah ya tona asirinsu, ya sa a rufe musu duk inda suke karɓar kuɗin mutane. Kin yi min daidai. Irinsu ne suke ɓata mana suna.

Ni ma ban zauna ba. Muna da wani zaure a waya, mu masu sayar da abin da ba a taɓawa, akwai mai darasin gyaran waya, akwai mai zana katin gayyata. Su suka ba ni dabaru. Yanzu kafin a ciri kuɗin wata, saƙo yana zuwa wa ɗaliba ya tuna mata. Wajen biya sai banki ya turo mata lambar sirri ta shigar da hannunta, don kada gobe ta ce ba ita ba ce. Shafin yana ajiye shaidar duk ranar da aka buɗe darasi. Na kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa wadda ba ta gamsu ba ta yi min magana in mayar mata da kaina, kada ta kai ni banki.

Har na ci shari'a ɗaya! Wata ta rantse ba ta taɓa jin sunana ba, alhali ta turo min hotonta sanye da rigar darasi na uku tana cewa Malama na gode. Na tura wa kamfani hoton, kuɗi ya dawo. Hannun rigar ma a karkace ta ɗora shi.

Amma murnar ba ta daɗe ba. Wani ƙorafin ya shigo, wanda aka ce kada ya shigo. Sun riƙe asusun, ba shiga ba fita, sai sun zauna a kaina a ƙarshen wata. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wadda ta yi shi. Wata ɗaliba ce mai kiran kanta Mai Haƙuri. Tun ina da ɗalibai da ba su cika tabarma ba take tare da ni, ba ta taɓa fashin biya ba. Na je in ɗauko shaidar ta kalli darasi, sai na tarar ko sau ɗaya ba ta taɓa buɗewa ba. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Na tura mata saƙo, shiru.

Na yi kuka, Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba. Ban san fuskarta ba amma ina ganin girmanta.

Taki,
Tsinke

*

Tsinke,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, sai dai shirunki ya dame ni. An ce motar Direba ta lalace a hanya, giya ta ƙi shiga, yana can yana kwana a ƙarƙashinta. Na rubuta wannan na ajiye, duk ranar da ya ɓullo ya tafi da ita.

Albishirinki. Banki ya dawo min da kuɗina! Na je na sayi takalmi mai taushi irin na ma'aikatan jinya, yanzu ina yawo tsakanin injina kamar kyanwa, masu guga ba sa jin zuwana sai dai su gan ni a kansu. Mai gashin baki da kansa ya leƙo ta taga ya ce, “Mama, kin yi nasara.” Na sa ya rubuta min sunan ɓarayin a takarda don in gargaɗi mutane. Ga shi, ki nuna wa ’yan zaurenku su yi hattara: INKI KUINKI. Ki faɗa da ƙarfi ki ji. Wace uwa ce za ta haifi ɗa ya buɗe kamfani ya sa masa wannan suna?

Ƙari. Direba ya iso yanzu da takardarki, na karanta a tsaye, na buɗe tawa na ƙara wannan.

Raina ya ɓaci da aka riƙe miki asusu, na kuma gane ba na fasawa ba ne, ba sai kin maimaita ba. Amma maganar Mai Haƙuri, ki janye ta. Wannan baiwar Allah ba za ta taɓa yi miki haka ba. Kada ki tambaye ni yadda na sani. Mace ce mai mutunci, mai riƙon amana, kuma kyakkyawa ce a zamaninta. In ba ta buɗe darasi ba, wataƙila aiki ne ya yi mata yawa, ko yatsunta sun yi kauri da ruwan sabulu, ke dai ba ki san uzurin mutane ba. Wani ɗan iska ne ya shiga rigarta ya kai ƙara da sunanta. Ba mamaki ma waɗannan Inki ɗin ne, tunda sun saba.

Ki share hawayenki. Mai Magani na dawowa zan sa ta bincika.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Muna lafiya. Gaisuwar ke nan yau, sauran sai na huce.

Na yi abin da kika ce, na faɗi sunan da ƙarfi. Inki Kuinki. Na sake faɗa. Baban yarinya yana shan shayi, sai ya ajiye kofi ya ce in ƙara faɗa a hankali. Kafin in rufe baki ya sulale daga kujera yana dariya yana dukan ƙasa, yarinya ta tsorata ta fashe da kuka.

Muka kira wata ɗalibata da ke bayan layinmu, muka ce ta duba tsohon saƙon bankinta. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: INKI KUINKI. Gwaggo, injin banki bai san ɗ mai ƙugiya ba. In ya gamu da ita haɗiye ta yake. Ki cire ta daga Ɗinki Kuɗinki ki ga abin da ya rage. Ni a shafina sunan yana fita daidai, ban taɓa ganin yadda yake isa wayar mai biya ba. Ashe yawancin matan da nake ta yi wa Allah ya isa ba ɓarayi ba ne, tsorata suka yi kamar yadda kika tsorata.

Wato ni ce ɓarayin. Ni kika kai ƙara, ni kuma na zauna na rubuta da hannuna cewa Allah ya sa a rufe musu duk inda suke karɓar kuɗi. Ki taya ni roƙon kada a amsa.

Sai maganar mace mai mutunci, kyakkyawa a zamaninta, mai yatsu masu kauri da ruwan sabulu. Gwaggo! Na hana ki ba ni kuɗi ta ƙofa, sai kika zagayo ta taga? Akwai maganar da za mu yi, amma ba yau ba, yau lokaci ya ƙure.

Ga abin da za ki yi, don Allah kada ki ƙara da naki. Ki koma banki wajen mutumin nan. Ki ce kin gane cirar, ke kika saya, kin janye ƙorafi. Ki ce ya ba ki takardar shaidar janyewa mai hatimi. Mai Magani ta ɗauki hotonta ta turo min ta waya a ranar, kada a jira Direba da giyarsa. Za su sake cire kuɗin daga wajenki, ki bar su. Ni kuma ina nan ina bin sauran matan ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu inda ƙugiya ta faɗi.

In takardar ba ta iso kafin su zauna ba, shi ke nan, sai in koma ɗinkin maƙwabta ana biyana da sannu da aiki.

Tsinke

*

’Yata,

Ina lafiya, in mai jin kunya irin tawa ana ce masa lafiya. Da na karanta takardarki sai da na zauna a kan kwandon zannuwa masu datti, ban ma lura ba. Mai Magani ta dawo, na nuna mata, ta cire tabarauna daga fuskata ta ce wannan abin ya fi ƙarfina, a mayar min da tsohon.

Ita ta shigar da ni ajin naki tun farko, da katina amma da adireshinta na intanet, shi ya sa saƙonki bai same ni ba. Na ce mata ta yi yadda ba za ki gane ba. Ni na ɗauka sunan shagonki yana can cikin saƙonnin da ban kai gare su ba. Ban ga laifina a shiga ajin ba, kuma ba zan ba ki haƙuri a kansa ba. Ni na goya ki, bayana ya san nauyinki, ko da yake ba wani nauyi ba ne. Kina can kina magana da waya ke kaɗai a ɗaki, in zauna in zuba ido? Na kai ki ƙara dai, wannan kam ki yafe min.

Da sassafe muka tafi banki. Na so in samu wani ma'aikacin daban, amma mai gashin baki ya hango ni tun daga ƙofa, ya ɗaga murya, “Mama mai maganin ɓarayi! Wa kuma za mu kama yau?” Na matsa kusa na ce masa a hankali na zo janye ƙorafi. Mai Magani ta ce a hankalin nawa har mai gadi ya ji a waje. Ya ce, “Kin san su ne?” Na ce, “Na san su. ’Yata ce.” Ya ce, “Aljanun?” Na ce, “Ɗan nan, ka yi aikinka.”

Bai yarda da wuri ba. Wai dole ya tabbata ba tsorata ni aka yi ba, don akwai masu damfara da ke kiran tsofaffi su sa su janye. Na ce duk garin nan a nuna min mai tsorata ni. Mai Magani ta rubuta masa sunan shagonki, ta rufe ƙugiyoyin da yatsa. Ya duba, ya duba, sai ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago ya kira na kusa da shi ya nuna masa, shi ma ya kira wani. Na tsaya a wurin da sabon takalmina ina ji kamar in nutse.

Ya buga hatimi, Mai Magani ta ɗauki hoto ta tura tun muna bakin ƙofa. Ki rubuto da wuri. Ba na iya cin abinci, kuma kin san ni da abinci ba ma faɗa.

Gwaggonki

*

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ki ci abinci. Ki ci da yawa, ki ƙara da nawa. Muna lafiya, kuma ASUSU YA BUƊU!

Hoton ya iso a kan lokaci. Na haɗa shi da na sauran matan da suka janye, da hoton saƙon banki mai sunan da aka yi wa kaciya, na tura. Ba duka suka janye ba, akwai waɗanda dama da niyyarsu suka zo, waɗannan na bar su da shaidar da shafi ya ajiye. Kamfani ya ce ƙorafin da aka janye ma yana nan a rubuce, ba ya gogewa, don haka za su sa min ido na wani lokaci. Amma sun ga inda matsalar take, sun sake ni. Na canza sunan da ke fita a saƙon banki, babu ƙugiya ko ɗaya, ga lambar wayata a gefensa. Mai darasin gyaran waya ya je ya duba nasa shi ma, nasa sunan ya fi nawa muni, ba zai rubutu a takardar da za a ba Gwaggo ba.

Da safiyar yau ina shanya sai waya ta yi ƙara. Gabana ya faɗi kamar kullum. Na duba, biya ne ya shigo, na wata sabuwar ɗaliba. Na zauna a bakin rariya da jiƙaƙƙen zani a cinya ina dariya ni kaɗai.

Yanzu maganar da na ce za mu yi. Na yi fushi da ke sosai, na kwana biyu ina shirya abin da zan rubuta. Akwai watan da kowa ya watse, na kunna waya in ɗauki darasi na kasa, na ce wa baban yarinya na gaji, zan rufe shafin. Sai ga biyan Mai Haƙuri ya shigo. Na ce in har akwai mace ɗaya a duniya da ba ta san ni ba, ba ta jin kunyata, amma ta ga aikina ya isa ta biya, to ban gama ba. Na tashi na ɗaura ɗankwali na ɗauki darasin hannun riga, wanda yanzu ya fi kowanne kawo min mutane.

Da na san ke ce, Gwaggo, da a ranar na mayar miki da kuɗinki, da kuma a ranar na rufe shafin. Don haka fushin ya ƙi zama. Na gode da ba ki gaya min ba.

Direba yana ta danna hon a ƙofar gida, dole in naɗe.

Taki har kullum,
Tsinke